Shagon gyaran kwamfuta a Beirut Road da ba a fara maka da fomatin

Duk mai harka da kwamfuta a garin nan na Kano ya san maganar da ake fara tararsa da ita in ta ƙi tashi: "Oga Windows ɗin ne ya mutu, sai dai a yi fomatin." Ba a tambaye ka me ta rubuta a sikirin ba, ba a leƙa BIOS ba, wato shafin setin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi, an riga an zaro filash daga aljihu. To shi ya sa na ga ya kamata in yi rubutu a kan wani shago da ke saman bene a ɗaya daga cikin filazojin Beirut Road, mai shagon kowa Injiniya yake ce masa, yaransa kuma Oga, kuma abin da ya sa na maƙale masa abu ɗaya ne, mutumin nan sai ya gano dalilin da ya hana na'ura tashi kafin ya taɓa komai a cikin disk ɗinka.

Ni shagon taifin da firintin gare ni kusa da tsohuwar BUK, aikinmu furojet ɗin ɗalibai ne da takardun mutane da cike fom a intanet, kaga kuwa abin da ke cikin kwamfutocina ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar jama'a ce. Mutum ya kawo maka babi uku na furojet ɗinsa an yi gyara an sake gyara, ka ce masa an yi fomatin ya tafi, da wane ido za ka kalle shi?

Ta farko da na kai masa HP ce ta tebur, irin 'yan Baljiyam ɗin nan da ake saukewa daga ofisoshin Turai. An wayi gari kawai na danna mata wuta ta fito da baƙin sikirin da rubutu, Boot Device Not Found, a ƙasa kuma Hard Disk 3F0. Wani mai gyara a unguwarmu ya duba ya ce had disk ya tafi, in sayi sabo a zuba Windows, abin da ke ciki kuma sai haƙuri. Hankalina bai kwanta ba saboda jiya-jiya lafiya lau na kashe ta, babu ƙara babu nauyi babu komai, sai wani abokin sana'a ya ce in gwada hawa benen can.

Abin da Injiniya ya fara yi tambaya ce. Me ta rubuta daidai, yaushe ta fara, an buɗe ta kwanan nan, an ɗauke wuta tana kunne, agogonta yana tafiya daidai? Wannan ta ƙarshen ce ta sa na yi shiru, don gaskiya an jima tana ɓata lokaci, kullum da safe sai mun gyara kwanan wata kafin wasu shafukan intanet su yarda su buɗe. Ya ce to mu gani. Ya kunna ta yana danna Esc, ya shiga F2 inda HP take da nata gwajin, ya gwada disk ɗin, ya ci jarrabawa lafiya ƙalau. Ya koma F10 ya shiga BIOS ya juyo min da sikirin ya ce "Malam duba nan," kwanan watan ya koma wata tsohuwar shekara can baya, Secure Boot a kunne, Legacy Support a kashe. Ya ce disk ɗinka yana nan da ransa, ɗan batirin da ke kan madabod ne ya ƙare, irin mai kama da kwabo ɗin nan CR2032 mai bolt 3, shi yake riƙe agogo, da ya mutu sai na'urar ta mayar da setin ɗinta yadda ta fito daga kamfani, shi kuma wanda ya zuba maka Windows tun farko a tsohon tsari ya zuba, yanzu ita tana neman sabon tsari ba ta gani ba, shi ne take ce maka babu disk.

Ya kashe Secure Boot, ya kunna Legacy, na'urar ta nuna wasu lambobi huɗu ta ce a rubuta su a danna Enter don tabbatarwa, ya rubuta, sai ga tambarin Windows yana juyawa. Wallahi ban san lokacin da na ce Alhamdulillah da ƙarfi ba har wani da ke zaune gefe ya ce barka. Ya sa yaronsa ya canza batirin, ya saita agogo, shikenan. Ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan tsohon tsari da sabon tsari don shi ne tushen yawancin wahalar da muke sha, kuma shi Injiniya ba ya ƙyashin bayani, yana aiki yana faɗa maka. Disk yana da yadda ake rubuta taswirar rabonsa, wato fatishan, iri biyu ne. Akwai MBR wanda tun 1983 ake amfani da shi, ba ya iya riƙe disk da ya wuce 2TB gaba ɗayansa, kuma manyan fatishan huɗu kawai yake ɗauka. Akwai GPT wanda shi ne na yanzu, a Windows yana kaiwa fatishan 128 kuma yana ajiye kwafin taswirar a ƙarshen disk saboda ko ta farkon ta lalace. Ita ma na'urar tana da hanyar tashi biyu, Legacy da UEFI. Windows kuma dokarsa a nan ba ta da sassauci, in disk ɗin da yake kai MBR ne to ta Legacy zai tashi, in GPT ne to ta UEFI. Da zarar an saɓa, ko batiri ne ya saɓa ko hannun mutum, sai ka ga No bootable device ko Operating system not found, alhali komai naka yana nan a zaune. Yadda ya faɗa min shi ne, kayanka suna cikin ɗaki mukulli ne aka sa ba nasa ba, mai fomatin kuma rushe ɗakin yake yi ya gina sabo ya ce maka ya gyara ƙofa.

Ta biyu ita ce ta fi nuna min mutumin ya san aikinsa, laftof ɗin ƙanwata ce da take karatu. An taɓa sa mata SSD, wato sabon samfurin disk, a wani shago don ta ƙara sauri, aka zuba Windows a kan sabon, aka bar tsohon had disk ɗin a ciki tana ajiye hotuna da littattafai. Abu yana tafiya lafiya har ranar da aka ba ta shawara a cire tsohon a sa shi a kes ya zama na waje da za ta riƙa yawo da shi, aka cire, aka goge shi tas aka mayar mata da fayilolinta a kai, daga nan laftof ta ce ba ta san zancen ba. Kowa ya gani sai ya ce ai abin mamaki ne, Windows yana kan SSD, ba a taɓa SSD ba, me ya haɗa shi da tsohon disk?

Injiniya yana jin labarin ya gyaɗa kai tun kafin ya kunna. Ya sa filash ɗin Windows ya tashe ta da shi, a shafin farko ya danna Shift da F10 baƙin akwatin kwamand ya fito, ya rubuta diskpart, kwamand ɗin da ake sarrafa fatishan da shi, sai list disk, ya nuna min ɗan tauraro a ƙarƙashin inda aka rubuta Gpt, ya ce to wannan GPT ne. Sai list partition, ya ce ƙirga min. Na ga ƙarami ɗaya na 16MB da babba ɗaya inda Windows yake, babu wani abu kuma. Ya ce abin da ya ɓata kenan, ya kamata a ce akwai wani ɗan ƙaramin fatishan na EFI, yawanci 100MB ne, FAT32, ba ya fitowa a cikin This PC shi ya sa mutane ba su san da shi ba, a cikinsa fayilolin da ke tayar da Windows suke. Lokacin da aka zuba Windows disk biyu suna haɗe, sai mai sakawar ya tarar da irin wannan fatishan ɗin a tsohon disk ya yi amfani da shi bai yi sabo a SSD ba, kenan duk tsawon lokacin nan ta tsohon disk take tashi sannan ta tsallaka sabon, ranar da aka cire shi aka cire mata ƙafa.

Abin da ya burge ni kafin ya yi gyaran sai da ya ce mu kwafe abin da ke da muhimmanci tukuna, tunda zai taɓa girman fatishan, ya tashe ta da wani filash ɗin daban ya kwashe foldar karatunta zuwa disk ɗinta na waje muna kallo. Sannan ya koma diskpart ya ɗan rage babban fatishan da shrink, ya yi create partition efi, ya yi masa fomatin na FAT32 shi kaɗai ɗan ƙaramin, ya ba shi harafin S, ya fita, ya duba harafin da Windows ya samu a wannan yanayin don wai ba kullum yake zama C ba in ka tashi ta filash, sannan ya rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Layi ɗaya ya fito cewa an ƙirƙiri fayilolin. Ya zare filash ya kunna, ta tashi har hoton da ke kan sikirin ɗinta bai canza ba, manhajojinta da komai suna nan. Ƙanwata da ta riga ta cire rai har da hawayenta. Ya ce mata "Hajiya nan gaba duk wanda zai zuba miki Windows a sabon disk ki ce ya cire ɗayan tukuna har ya gama," magana ce ƙarama amma da wancan shagon sun san ta da duk wannan bai faru ba.

Na tambaye shi su kwamand ɗin bootrec ɗin nan na gyaran tashin Windows da ake ta nunawa a YouTube fa, fixmbr da fixboot da rebuildbcd, don na ga yara suna haddace su kamar karatun allo. Ya ce suna da wurinsu, musamman a disk na MBR in ta rubuta BOOTMGR is missing ko makamancin haka, amma a na'urar UEFI fixmbr ba abin da yake tsinana maka, fixboot kuma sau da yawa Access is denied zai ce, shi ya sa shi yake tafiya kai tsaye ga bcdboot bayan ya tabbatar da irin disk ɗin. Haka ma shuɗin sikirin mai lamba 0xc000000e ko 0xc0000225, yawanci bayanin inda Windows yake ne ya rikice, ana yawan ganinsa bayan an kwafe tsohon disk zuwa SSD, gyara ne na bayanin ba na gogewa ba.

Akwai wani abu da ya faɗa da nake so kowa ya ji, don nan ne dukiyar mutane take salwanta. Ka zo zuba Windows sai ta ce ba za a iya sakawa a wannan disk ba saboda GPT ne, ko kuma ta ce saboda MBR ne. Abin da yawancin yara suke yi su buɗe diskpart su rubuta clean su juya disk ɗin, clean ɗin nan kuwa taswirar disk ɗin gaba ɗaya yake sharewa, har fatishan D ɗin da ka ce a bar maka saboda a nan ka tara komai. Alhali matsalar daga yadda aka tayar da filash ɗin ne, in ka shiga jerin zaɓin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, sau da yawa za ka ga sunan filash ɗin sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa ɗaya babu, ka zaɓi wanda ya dace da disk ɗinka magana ta ƙare. Ko kuma tun wajen haɗa filash ɗin a manhajar Rufus ka zaɓi GPT ko MBR daidai da na'urar. Ni kam tun da na ji wannan duk wanda zai taɓa min kwamfuta sai na tsaya a kansa, in na ga ya fara rubuta clean zan riƙe masa hannu.

Ina zaune a shagon aka kawo wata Dell mai shuɗin sikirin da ke cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, mai ita ya ce ɗansa ne ya yi ta danne-danne a BIOS. Injiniya ya shiga F2 ya je wajen SATA, setin yadda na'urar take magana da disk, an mayar da shi AHCI alhali Windows ɗin a kan RAID On aka zuba shi, ya mayar, ta tashi, bai ma karɓi kuɗin kirki ba ya ce a ba yara na ruwa. Amma kafin ya taɓa setin ɗin sai da ya tambaya ko akwai BitLocker a kai, wato makullin disk na Windows, ya ce laftof da yawa yanzu disk ɗinsu a kulle yake mai ita bai ma sani ba, kana canza Secure Boot ko wani abu a BIOS sai ta nemi mabuɗi mai lamba 48, in ba ka da shi a akawun ɗinka na Microsoft ko a rubuce to babu wani injiniya a Kano ko Legas da zai buɗe maka. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta nuna maka bambancin wanda ya iya da wanda yake gwaji da kayanka.

Sai maganar Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kowa ya tashi sai ya hau sabo. Windows 11 yana buƙatar UEFI da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, da na'urar da za ta iya Secure Boot, kenan disk na MBR ba zai yi ba. Na ce masa to a juya min HP ɗin can mana. Ya duba ya ce furosesanta ƙarni na 6 ne, su kuma Microsoft a Intel daga ƙarni na 8 suka fara karɓa in ban da 'yan kaɗan, ko an juya disk ɗin ba za ta cika sharaɗi ba, akwai hanyar zagayewa amma shi ba zai ba ni shawarar in ɗora sana'ata a kai ba. Da wani ne wallahi karɓar kuɗina zai yi ya yi shiru. Ɗaya kwamfutar tawa da ta cika sharaɗi kuwa ya juya disk ɗinta daga MBR zuwa GPT da kwamand ɗin mbr2gpt, wanda yake cikin Windows 10 tun fitowar 1703 a 2017, ya fara da validate ya ga ta amince don ba ya yarda in manyan fatishan sun wuce uku, sannan convert, sannan ya shiga BIOS ya mayar da ita UEFI, ya kuma gaya min tun kafin ya fara cewa tafiya ce da babu dawowa ta wannan hanyar shi ya sa sai da muka kwafe komai. Ba a goge ko ɗigo ba.

To amma fa shagon yana da nasa matsalolin kuma ba zan ɓoye ba. Wurin a matse yake sosai, benci ɗaya ne, ga kwalaye da gawarwakin laftof har saman kai, in rana ta take kuma babu wuta zafin ba a magana, ga ƙarar janaretocin filaza sai kun ɗaga murya. Jira kuwa sai ka shirya masa, saboda yadda yake bin komai a hankali layi ba ya sauri, kuma in ya nutsa cikin aiki ba ya ɗaga waya, za ka yi ta kira har ka gaji ka hau adaidaita ka zo da kanka. Ba ya ba da rasit mai bayanin abin da aka karɓa da abin da aka yi, sai ɗan tef da ake liƙawa a bayan na'ura a rubuta sunanka da lambar waya, ni a ganina shagon da ake barin kayan dubban ɗaruruwa ya kamata a ce akwai takarda, na kuma faɗa masa. Yaransa suna da ladabi amma ba su kai shi haƙuri ba, in ka zo ba ya nan ka ga kamar ɗayansu yana gaggawar kai hannu ga filash, gara ka ce za ka jira Oga. Wajen ajiye mota a Beirut Road kuma kowa ya san halin da ake ciki, in da hali ka zo a adaidaita ko ka zo da sassafe.

Kuɗinsa ya fi na masu fomatin, wannan gaskiya ne, har na ji wani yana ƙorafin wai layi biyu kawai ya rubuta zai karɓi wannan kuɗin. Ni ban ga tsada ba, don in ka lissafa sake zuba Office da CorelDRAW da direbobin firinta da kwanakin da shago zai yi a tsaye, ballantana aikin mutane da ba ya dawowa, abin da ya karɓa bai kai rabin asarar ba. Kuma yana faɗa maka kuɗin bayan ya duba kafin ya fara, ba sai an gama a tsuga maka ba.

Ba kowace na'ura yake iya tayarwa ba kuma ba ya yi maka alƙawarin ƙarya. Na ga an kawo masa wata da disk ɗinta yake ƙas ƙas ƙas in an kunna, BIOS ma ba ya ganinsa sam, ya kashe ta nan take ya ce wa mai ita kada ya sake kunnawa don duk kunnawa ƙara lalata shi take, wannan ba matsalar setin ba ce, ciki ne ya lalace, kuma shi ba shi da kayan buɗe disk, sai dai a nemi masu wannan aikin na musamman in abin da ke ciki ya kai a kashe masa kuɗi.

In za ka je, ka ɗauki hoton abin da sikirin ya rubuta da wayarka tun a gida don wani lokacin saƙon yana canzawa, ka tafi da cajarka da disk na waje ko babban filash da za a kwafe maka kaya, ka tuna abu na ƙarshe da aka yi wa na'urar ko da kana ganin ba shi da alaƙa, ka kuma duba akawun ɗinka na Microsoft ko akwai mabuɗin BitLocker a ciki ka rubuto shi. Ranar Juma'a kuma kada ka je da tsakar rana, rufewa suke sai an sakko daga masallaci.